Yadda Ake Zagaya Guilin da Kogin Li da Jakar Goyo Ba Tare da Kashe Kuɗi da Yawa Ba

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar kuɗin Sin ta yuan 20 ya ga hoton da ke bayanta: kogi shimfiɗe tsakanin wasu duwatsu masu tsini, da wani masunci shi kaɗai a kan ɗan jirginsa. Wannan wuri ba ƙirƙirar mai zane ba ne. Yana nan a bakin Kogin Li, kusa da wani ƙaramin gari mai suna Xingping, a ƙasar Guilin da ke yankin Guangxi na kudancin Sin. Abin da ya sa batun ya shafe mu shi ne, daga Guangzhou, inda 'yan kasuwarmu suke zuwa saro kaya shekara da shekaru, tafiyar ba ta wuce sa'a uku a jirgin ƙasa mai sauri ba, amma da yawa sukan yi makonni tsakanin unguwannin Xiaobei da Sanyuanli na Guangzhou suna jiran a haɗa musu kaya, su koma gida ba su ga komai a ƙasar ba sai kasuwa da ɗakin otel.

Abu ɗaya ya kamata a riƙe tun daga farko. A Guilin duwatsu da kogi kyauta ake kallonsu. Abin da ke cin kuɗi shi ne ƙofofin da aka gina a gabansu, da jiragen ruwa, da mutanen da ke tsayawa tsakanin baƙo da abin da ya zo gani. Duk tsarin da ke tafe an gina shi ne a kan rage waɗannan ukun.

Mataki na farko: takardu da zaɓen lokaci

Ɗan Najeriya ko ɗan Nijar yana buƙatar biza kafin ya shiga Sin. Ta yawon buɗe ido ita ce mai harafin L, ta kasuwanci kuma mai harafin M, kuma wanda ya shiga da ta kasuwanci babu abin da zai hana shi hawa jirgin ƙasa zuwa Guilin muddin kwanakin da aka ba shi ba su ƙare ba. A Najeriya ana miƙa takardun neman biza a cibiyoyin da ke Abuja da Legas. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida, a kuma riƙe katin allurar shawara, domin ana iya tambayarsa ga wanda ya fito daga ƙasashenmu. Jiragen da aka fi bi su ne masu yada zango a Addis Ababa, ko Alƙahira, ko Doha, kafin su sauka a Guangzhou.

Zaɓen lokaci shi ne rabin tattalin kuɗin. A guji makon hutun ƙasa na 1 zuwa 7 ga Oktoba, da hutun ma'aikata na farkon Mayu, da lokacin bikin sabuwar shekarar gargajiya da ke faɗowa a Janairu ko Fabrairu, domin a waɗannan ranaku kuɗin masauki yakan ninka, tikitin jirgi ya ƙare, hanyoyi su cushe. Daga Afrilu zuwa Yuni damina ce sosai: duwatsu sukan yi kyau cikin hazo, amma kogi kan cika har a dakatar da ƙananan jirage na kwanaki. Ni a ganina babu kamar tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da zafi ya sauka, sama ta washe, jama'a suka ragu. A kaka ne kuma itatuwan da garin ya samo sunansa daga gare su suke fure, su cika tituna da ƙamshi, domin ma'anar Guilin ita ce kurmin wannan itace. Hunturunsu kuwa sanyi ne mai laima da ke shiga ƙashi, ba irin na hunturunmu busasshe ba.

Mataki na biyu: shirya waya kafin a bar gida

Wannan ne matakin da aka fi rainawa, shi ne kuma ya fi jefa mutane cikin wahala. A Sin kusan komai da waya ake biya, tun daga kuɗin mota har zuwa ayabar da tsohuwa ke sayarwa a bakin hanya. A sauke manhajojin biyan kuɗi na Alipay da WeChat tun a gida, a yi rajista da fasfo, a haɗa su da katin banki na Visa ko Mastercard, kuma ya fi kyau katin ya zama na asusun dala, saboda katin naira yakan ƙi aiki a waje ko ya zo da iyaka. Idan ciniki bai wuce yuan 200 ba, ba a cire ladan amfani da katin waje. Idan ya wuce, ana cire kashi 3 cikin ɗari. Duk da haka a riƙe tsabar kuɗi, musamman 'yan yuan goma-goma da ashirin-ashirin, domin doka ta hana ƙin karɓarsu, sai dai mai shago kan rasa canji idan aka miƙa masa ta ɗari.

WhatsApp da Facebook da duk ayyukan Google ba sa buɗewa a kan intanet ɗin ƙasar. Hanya mafi sauƙi ita ce layin waya na waje da aka saya masa data ta tafiye-tafiye, domin shi yakan buɗe su. Taswirar da za a dogara da ita ita ce Amap, motar haya kuma Didi, wadda ake samu a cikin Alipay ɗin ma. A ƙara da manhajar fassara da aka sauke mata harshen Sinanci don ta yi aiki ko babu intanet. Agogonsu yana gaban namu da sa'a 7, abin da ya kamata a gaya wa iyali don kada a riƙa kira da tsakar dare.

Mataki na uku: abin da zai shiga jaka

Ƙa'idar ita ce jakar da mutum zai iya goyawa ya hau matakala da ita ba tare da ya tsaya hutawa ba. Wanda yake da manyan akwatuna ya bar su ajiya a masaukinsa na Guangzhou. Kaya kala uku sun isa, da takalmi mai kama ƙasa, da silifa, da rigar ruwa mara nauyi, da sallaya mai naɗewa, da mahaɗin soket, domin filoginmu mai ƙafa uku masu faɗi ba ya shiga yawancin soket ɗinsu.

Akwai abu biyu da ba kasafai littattafan matafiya suke faɗa wa irinmu ba. Na ɗaya, ban-ɗakunan jama'a na tsuguno ne, amma babu buta, sau da yawa ma babu takarda, saboda haka a keɓe gorar ruwa guda don tsarki, kada ta rabu da aljihun jaka. Na biyu, kada a yi guzurin kilishi ko dambun nama daga gida, domin kwastan ɗin Sin sun haramta shigo da nama, ɗanye ko dafaffe. Haka kuma kada a karɓi saƙon kowa a rufe, a kuma bar duk wani magani mai sa maye ko mai ƙarfi da ba shi da takardar likita, domin hukuncin miyagun ƙwayoyi a ƙasar yana kaiwa har ga kisa. Wuƙa, ko ƙarama ce, za a karɓe ta a binciken tashar jirgin ƙasa.

Mataki na huɗu: a fara daga ƙarshe

Yawancin baƙi suna sauka a birnin Guilin, su sayi tikitin babban jirgin ruwa da ke tashi da safe daga wata tashar jiragen ruwa a wajen gari, ya yi sa'a huɗu zuwa biyar yana gangarawa zuwa garin Yangshuo. Tafiya ce mai kyau, amma mafi arhar kujera ta haura yuan 200, abincin da ake rabawa a ciki ba lallai ya halatta gare mu ba, kuma wurin da ya fi ko'ina kyau ana wuce shi cikin 'yan mintuna, mutane ɗari suna turereniya a saman jirgi da wayoyi a sama. Mai ƙaramin guzuri sai ya juya tsarin: ya fara da Xingping, ya bi ta Yangshuo, ya ƙare a Guilin.

Dalilin yana cikin taswirar layin dogo. Layin da ya haɗa Guangzhou da Guiyang, wanda aka buɗe a Disambar 2014, yana da tasha mai suna Yangshuo, kuma mai tahowa daga Guangzhou yana isa gare ta kafin ya kai Guilin. Sai dai sunan yana da yaudara. Tashar ba a garin Yangshuo take ba, tafiyar kusan sa'a guda ce a mota tsakaninsu, alhali Xingping tana nan kusa, 'yan mintuna kawai. Zuwana na farko ban san haka ba: na kama gado a Yangshuo, na sauka da yamma, na biya mota ta kai ni can, washegari na sake biyan wata ta dawo da ni kusan inda na baro.

Ana sayen tikiti a manhajar hukumar jiragen ƙasa, 12306, ko a Trip.com wanda ya fi sauƙin amfani amma yana ɗora ɗan lada. Ana fara sayarwa kwana 15 kafin ranar tafiya. A zaɓi tashi daga Guangzhou South, a zaɓi kujerar aji na biyu, wadda take da tsabta da faɗi, a kuma tabbatar jirgin yana tsayawa a Yangshuo, domin ba duka ne suke tsayawa ba. Babu tikitin takarda. Fasfo shi ne tikiti, kuma baƙo yana bin layin da ma'aikaci yake tsaye ne a gefen ƙofofin na'ura. Tashar Guangzhou South gari guda ce, don haka a isa da sa'a guda a hannu. A kowane tarago akwai famfon ruwan zafi kyauta, abin da zai yi wa mai shayi da kofi daɗi.

Mataki na biyar: kwana biyu a Xingping

Ana furta sunan kamar Shing-ping. Tsohon gari ne mai lunguna na dutse, da rana cike da baƙin da motoci suke saukewa, amma da la'asar sakaliya duk sukan watse, garin ya koma hannun masu shi. Wannan shi ne ribar kwana a can. Gado a ɗakin haɗaka na masaukin matafiya 'yan gomomin yuan ne, akwai kuma ɗakunan mata zalla a wurare da dama. Kafin a biya, a tura saƙo a tambaya ko suna karɓar baƙi 'yan ƙasar waje. Hukuma ta hana a kori baƙo saboda wannan, amma har yanzu akwai ƙananan masaukai da ba su iya shigar da fasfo a na'urarsu ba. Doka ta ce a yi wa baƙo rajista cikin sa'a 24 da saukarsa. Masauki ne ke yi, amma wanda ya kwana a gidan aboki shi ko mai gidan ne zai yi rajistar a wurin 'yan sanda.

Da asuba, bayan salla, a bi hanyar bakin kogi ta arewacin gari da ƙafa. Cikin kamar minti ashirin za a iso inda aka ɗauki hoton takardar yuan 20, kuma ba a biyan ko kwabo. A fito da takardar, a ɗaga ta daidai ido, a daidaita ƙololuwar da ke cikin zane da wadda ke gaba. Za a ga sun hau juna kamar murfi da tukunya. A wannan lokaci ruwan yana kwance, hazo yana rataye a ƙugun duwatsu, injinan jirage ba su tashi ba tukuna. Tsofaffin da za a gani da malafa da baƙaƙen tsuntsayen ruwa masu dogon wuya a kan sanda, a da da waɗannan tsuntsaye suke kamun kifi, yanzu kuwa hoto ne sana'arsu. Wanda yake son ɗauka ya yi ciniki kafin ya ɗaga waya.

Da yamma sai Dutsen Laozhai, wanda ke tsaye a kan garin kusa da tashar jiragen ruwa. Matakalarsa ta haura dubu, ga tsayi ga santsi, kuma kusa da ƙarshe akwai tsanin ƙarfe da sai an kama da hannu biyu. Daga sama ana ganin kogin ya yi lanƙwasa kamar kofaton doki, ɗaruruwan duwatsu suna bin juna har inda ido ya gaza. Ba a hawansa bayan ruwan sama, kuma wanda zai jira faɗuwar rana ya riƙe tocila don saukowa. Waɗannan duwatsu na farar ƙasa ne, ruwan sama mai ɗan tsami ya yi miliyoyin shekaru yana cin su, ya bar masu tauri a tsaye, ya huda cikinsu da koguna.

Idan akwai abu ɗaya da ya cancanci a buɗe masa lalita, shi ne ƙaramin jirgi mai inji mai ɗaukar mutum huɗu, wanda ke bin sashen kogin da ke tsakanin Yangdi da Xingping, inda Dutsen Dawakai Tara yake, wato wani bangon dutse da ake cewa mai kaifin ido zai ƙirga siffar dawakai tara a jikinsa. Ana kiran jiragen na gora, amma na wannan sashe da bututun roba aka yi su. A sayi tikiti a tagar hukuma, kada a bi masu tare mutum a hanya da hotuna a hannu, kuma a nemi abokan cike kujeru a masauki, domin jirgin ba ya tashi sai ya cika ko an biya kuɗin gurbin da ya rage.

Maganar abinci da salla

Nan ne ake buƙatar lura ta gaske. Abincin da garin ya shahara da shi taliyar shinkafa ce da suke kira mifen, mai arha ƙwarai, amma romonta da naman da ake ɗora mata galibi na alade ne. Shahararren kifin Yangshuo kuma da giya ake dafa shi. Ko ganye aka soya, ana iya soya shi da kitsen alade. Mafita ita ce a haddace siffar waɗannan haruffa biyu, 清真, waɗanda ake furtawa cing-jen, ma'anarsu halal. Ana ganinsu a allunan shagunan taliyar Lanzhou, yawanci masu koren fenti, waɗanda Musulmin arewa maso yammacin Sin suke gudanarwa a kusan kowane gari. A gaban idonka mai shagon zai ja curin ƙullu, ya ninka, ya sake ja, har ya zama zare-zare, ya jefa a tafasasshen ruwa, ya zuba romon naman shanu. Kwano guda ya ƙosar, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. A kwafa haruffan a liƙa su a Amap, zai nuna shago mafi kusa. A Guilin da Yangshuo ana samu, a Xingping kuwa da wuya, don haka a yi guzurin burodi da dabino da gyaɗa daga shagunan Musulmi na Xiaobei, a haɗa da dafaffen ƙwai da masara da dankali da 'ya'yan itacen da ake sayarwa a titi. Ruwan famfo ba a shansa sai an tafasa.

Alƙibla a can yamma take, da ɗan karkata zuwa arewa, abin da kan rikita wanda ya tashi yana cewa a fuskanci gabas.

Mataki na shida: Yangshuo a kan keke

Motar haya daga Xingping zuwa Yangshuo ba ta kai sa'a guda ba. Titin Yamma, titin kasuwar Yangshuo da kowa yake ambato, a leƙa shi sau ɗaya da dare ya isa: kiɗa ne da mashaya da tsarabar da aka ninka wa kuɗi. Dukiyar Yangshuo tana bayan gari, a kwarin Kogin Yulong, kuma hanyar ganinta ita ce hayar keke na yini, ko babur mai batir ga wanda ya iya. A gwada birki, a ɗauki hoton duk wani ƙwarzane da ke jikinsa a gaban mai shi, a karɓi shaidar kuɗin ajiya.

Hanyar tana bin gefen kogi ta cikin gonakin shinkafa da lambunan lemo, ana wuce ɓaunayen noma da mata masu wanki, har zuwa Gadar Yulong, gadar dutse mai baka ɗaya da aka gina a zamanin daular Ming, sama da shekara 600 ke nan. Jiragen wannan kogi su ne na gorar gaske, mutum biyu a kai, mai fito yana tura su da doguwar sanda. Suna da tsada, kuma abin da mai jirgi yake gani shi ne mai keke yake gani daga gaɓa. A kudancin gari akwai Dutsen Wata, mai ƙatuwar huda a tsakiyarsa, wanda ake hawa da matakala kimanin 800.

A ƙauyukan nan baƙar fata abin kallo ne. Za a zura ido, yara za su nuna, wasu za su nemi hoto, wasu su ɗauka ba su tambaya ba. Galibi son sani ne kawai, kuma ɗaga hannu da murmushi ya isa a ƙi. Wanda ya kamata a yi hattara da shi shi ne mai Turanci mai daɗi da zai gayyaci baƙo shan shayi ko kallon zane a wani shago. A ƙarshe takardar kuɗi ce za ta fito. Lambar 'yan sanda 110 ce, ta motar asibiti 120.

Mataki na bakwai: Guilin da komawa

A tsara isowa birnin ya dace da Alhamis, don a sami Juma'a a tsohon masallacin da ke Titin Chongshan, a tsakiyar gari, wanda ya samo asali tun ƙarni na 18. Al'ummar Musulmin Hui sun daɗe a Guilin, kuma a kewayen masallacin ne abincin halal ya fi samuwa. Dutsen Hancin Giwa, alamar birnin, wanda ya yi kama da giwa ta tsoma hanci a kogi, an daina karɓar kuɗin shigarsa tun 2022. Da dare a zagaya tafkunan tsakiyar gari da ƙafa, a ga hasumiyoyin Rana da Wata sun haskaka a Tafkin Shan. Jirgin yawon dare yana bin wannan hanya ce da kuɗi. Kogon Ludi mai fitilu kala-kala na biya ne, wanda guzurinsa ya yi ƙasa zai iya tsallake shi. Motar bas ta cikin gari yuan biyu ce.

Mai sauran kwana biyu zai iya ƙarawa da gonakin shinkafa masu hawa-hawa na Longji, tafiyar sa'a biyu da 'yan kai arewa da birnin, inda ƙabilun Zhuang da Yao suka sassaƙa jikin tsaunuka tun zamanin daular Yuan. Sun fi kyau a Mayu da Yuni idan an cika su da ruwa, ko ƙarshen Satumba idan shinkafa ta nuna. Bayan girbi ba su kai kuɗin motar ba.

Tikitin komawa a saye shi tun ranar da aka sayi na zuwa, a kuma bar kwana guda tsakanin isowa Guangzhou da tashin jirgin gida. A duba sunan tasha da kyau, domin birnin yana da uku: Guilin da ke tsakiyar gari, da Guilin North, da Guilin West wadda ta fi nisa, kuma jiragen Guangzhou da yawa daga biyun ƙarshe suke tashi. A nuna wa direba sunan tashar da haruffan Sinanci kamar yadda yake a manhaja, a isa da wuri, domin ana rufe ƙofar shiga 'yan mintuna kafin jirgi ya motsa, kuma ba a buɗe ta don magiya.